Tayal ɗin Kawu a Dir'iyya

Ni dai tun da nake ban taɓa yarda da abu mai araha ba. In ka ce min an rage kuɗi, sai in tambaye ka me ya lalace. Haka nake tun a gida, Riyad kuma ba ta canja ni ba.

Kawuna, ƙanin mahaifiyata, shi ya yi min hanyar zuwa. Aikinsa shimfiɗa tayal, shekara da shekaru yana durƙushe har gwiwoyinsa suka yi kanta. Ni kuma tuƙi nake. Ɗakinmu ɗaya a unguwar Gubaira, bayan wani garejin gyaran mota. Da gwiwar ta ƙi, kafilinsa, ubangidan da ya tsaya masa, ya ce ba zai sabunta masa iƙama, takardar zama, ba, sai gida. Ana saura kwana biyu ya tashi, sai ya gaya min burinsa. Akwai wani gidan abinci a Dir'iyya, can gefen Riyad, da ya shimfiɗa wa tayal da hannunsa. So yake ya shiga ta ƙofar gaba sau ɗaya, ya zauna, a ajiye masa farantinsa kamar kowa. Ya ce daga la'asar zuwa ƙarfe shida komai rabin kuɗi ne, kuma ya ware abin da zai ishe mu daidai.

"Rabin kuɗi? A Dir'iyya?" na ce. "Wallahi Kawu, na jiya za su ɗumama mana."

"Kai dai sa kaya masu kyau," in ji shi.

Cunkoso ya riƙe mu, sai biyar da rabi muka isa. Kawu na cikin farar shaddarsa ta Juma'a, yana ɗingishi amma kai a sama. Ma'aikacin da ya tarbe mu ya yi ta murmushi, ni kuwa murmushin ma bai kwanta min ba. Mutum bai san ka ba, me ya kawo wannan washe baki?

Muna zama idona ya sauka kan teburin kusa da mu. Kofunan gilashi ne masu siririyar ƙafa, an shafa gishiri a bakinsu, an maƙala yankan lemon tsami, abin ciki ja wur. Na yi tuƙi a wani otal a Abuja, na san abin da ake zubawa a irin wannan kofin.

Kawu ya nuna, ya ce, "Irin wancan za mu sha."

"Kawu! Ka san mene ne?"

"Haɗin lemo ne. Nan Saudiyya ce fa."

"Shi ya sa za su ɓoye ai."

Na sa ma'aikacin ya lissafa min abin da ke ciki. Ya ce rumman ne da lemon tsami da na'ana'a da ƙanƙara. Na ce jan fa, daga ina? Ya ce daga kwalba. Na ce a kawo kwalbar. Ya tafi ya kawo, na juya ta na karanta rubutun bayanta layi-layi, ruwan rumman ne da sukari. Maimakon in ji kunya sai na koma kan kaza: yaushe aka dafa ta? Ya ce yanzu za a gasa. Na ce to me ya sa take rabin kuɗi? Ya ce lokacin babu mutane ne. Na ce a kira min babbansu, in ji ko akwai wani ƙari da ake ɗorawa a ƙarshe.

"Ɗana, bari haka," Kawu ya faɗa a hankali. Sau biyu ya faɗa. Ban ko dube shi ba, ina ganin kare shi nake yi.

Babban ya zo, ya ce babu wani ƙari. Sai a lokacin na gyara zama na ce to, a kawo mana. Ma'aikacin ya danna na'urar hannunsa, ya sake dannawa, sannan ya juyo min da fuskarta. Shida da minti huɗu. Ya ce na'urar ta koma cikakken kuɗi da kanta, ba shi da yadda zai yi.

"Ka gani ko, Kawu? Da ma na faɗa! Dabara ce!"

"Ba su suka cinye lokacin ba," ya ce.

Na zaro katina na ce zan cika. Ya ɗora hannu a kan nawa.

"Ni na gayyace ka. In ka biya, kai ka kawo ni ke nan."

Ya dubi ma'aikacin ya ce a kawo na mutum ɗaya, da cokali biyu. Haka muka ci a faranti ɗaya, kamar yadda muke ci kullum a ɗakinmu, sai dai a nan akwai masu kallo. Yana ta turo min tsokar. Kofin ma ni ya fara miƙa wa. Na kurɓa. Lemo ne kawai, mai sanyi, kuma abin haushi, da daɗi.

Na sunkuyar da kai don kada mu haɗa ido, sai na ga ya zare takalmi ɗaya a ƙarƙashin tebur. Yana shafa tayal ɗin da tafin ƙafa a hankali, yana bin mahaɗinsu.

Na ce, "Kawu, ka yafe min."

Kamar bai ji ba. Ya ɗago yana murmushi.

"Taɓa ka ji," ya ce. "Ko ɗaya bai ɗaga ba."