Tsohuwar da Ta Ƙi Farin Jirgi

A tashar jiragen ruwa ta Onomichi wata tsohuwa na tsaye tsakanin jirage biyu na sayarwa, irin waɗanda iska ke turawa. Ban san sunanta ba. Gajera ce, gashinta fari fat, ta rage shi kamar na maza, tafin hannunta duk kanta. Ina jin masunta ne suka haife ta, ko kuma ta yi shekaru tana jan igiya a jirgin mijinta.

Dillali Kuramoto yana ta yabon farin jirgin, wai ga faɗi, ga firji, ga gado mai laushi. Ita kuwa ta haye shuɗin, ɗan siriri mai koɗaɗɗen fenti, ta durƙusa tana ƙwanƙwasa katakonsa tana saurare.

"Haba Mama," in ji ɗanta, wani mai kwat da takalmin ofis. "Shekarunki saba'in da ɗaya fa. Ki ɗauki farin, ki riƙa zagaya tsibiran nan ki dawo gida da yamma."

"Farin nan falo ne aka ɗora a kan ruwa," ta ce. "Ba zai kai ni Okinawa ba."

"Okinawa? Wancan tsibiri mai nisa a tsakiyar teku, ke kaɗai? In kika faɗi fa?"

"Ai a banɗakin gidanka ma ana faɗuwa."

Kuramoto ya kau da kai yana danne dariya. Ta miƙa wa ɗan nata jakarta ba tare da ta dube shi ba.

"Riƙe min. Kai kuma dillali, kwance igiyar nan, in ji yadda yake tafiya."