Mako Bakwai Ban Yi Motsina Ba

Tun da aka fitar da kashi na bakwai na wasan nan da muke bugawa a waya nake cikin fushi, ni kuwa ban iya fushi da baki ba. Sai dai in zauna a ƙuryar laburaren makaranta, littafi buɗe a gabana, ina juya abin a raina. Duk juyin da na yi kuwa, tsakar gidan Kaka Zinatu a Salaga yake kai ni, lokacin ina ɗan shekara tara.

Kaka, mahaifiyar babana, wake da shinkafa take sayarwa da safe a bakin tasha. Da an idar da magariba sai ta hura wuta a ƙarƙashin babbar tukunya, ta jefa karan dafi, ta zauna jiran wake ya yi laushi. A dogon hutu mu uku ne muke kewaye murhun, kowa da guntun doyarsa a cikin toka. Akwai ni, akwai Mubarak ɗan Gwaggo da ke aure a Yendi, sarkin surutu, sai Awudu ɗan Baba Ƙarami daga Bawku, wanda yake da i'ina mai tsanani.

"Na ɗauko kaya, wa zai sauke ni?" haka take farawa.

"Mu sauke ki mu ci!"

Tatsuniyar Kaka tana da doka. In ta kai mararraba sai ta tsaya, ta tambaye mu ɗaya bayan ɗaya abin da ya kamata a yi, kuma ba ta ci gaba sai kowa ya faɗi nasa. In an zo kan Awudu, ko wake zai ƙone sai ta jira shi. Mubarak ya sha muciya a gwiwa saboda ƙarasa masa magana.

"Kai, aku, bakinsa ka ara masa?" in ji ta. "Bar mini maigidana ya gama."

Wadda ta fi zauna mini ita ce ta ayarin goro. Wai akwai ayarin da yake tashi daga Salaga ya nufi arewa, da makaɗinsa. Ganga ɗaya, taku ɗaya, a hankali, har wata mata mai ɗingishi da ɗan kwandonta tana iya bi. Shekara da shekaru a haka. Sai aka yi sabon madugu, ya ga wani ayari ya wuce su a hanya, ransa ya ɓaci, ya ce wa makaɗi ya ƙara sauri.

Nan Kaka ta tsaya. "To, makaɗi ya yi yaya?"

"Ya fasa gangar a kan madugu!" in ji Mubarak.

Ni na ce ya zaunar da madugu ya yi masa bayani. Kaka ta yi dariya ta ce, "Malam ke nan, sai bayani." Awudu ya daɗe yana kokawa da harshensa, wuta tana haska jijiyar wuyansa, kafin ya ce, "Ya... ya... ya jira ta."

Kaka ta gyaɗa kai, ta ce makaɗi bai yi ko ɗaya ba. A hannun madugu yake ci, don haka ya ƙara sauri. Samarin ƙauyuka suka ji sabon kiɗa ya yi musu daɗi, suka yi ta shigowa, ayari ya ninka. Suka riga kowa isa kasuwa, goronsu ɗanye shar, madugu ya sami dukiya ya gina soro. Mai ɗingishi kuwa aka bar ta a gindin wata tsamiya, tana jin gangar tana nisa har ta daina ji.

"Na juye ƙwaryata," in ji Kaka, ta miƙe za ta duba tukunya.

Muka yi mata caa. Mubarak ya rantse ba haka tatsuniya take ƙarewa ba, dole kura ta cinye madugu ko goron ya ruɓe. Ni har da hawaye, ina cewa wannan zalunci ne. Kaka ta ɗanɗana wakenta ta ce, "Ya yi kuɗi, na ce. So kuke in yi muku ƙarya gab da isha'i?"

Wasan da nake magana a kansa mun same shi muna samari, a wani kafen intanet kusa da tashar Salaga, a kan tsohuwar kwamfuta mai ƙugi. Lokacin kashi na uku ne. A tsakaninmu Garuruwa muke ce masa, don gari kake kafawa, ka haƙa rijiya, ka shuka gero, ka aika fatake wurin maƙwabcinka. Kowa yana yin motsinsa, sannan ya jira na gaba ya yi nasa. Ba a tsallake kowa. Da wasan ya koma waya, sai ya zama shi ne ya riƙe mu bayan mun watse: ni a makaranta, Mubarak a shagon wayoyi a Yendi, Awudu yana gyaran babura a hanyar Kulungugu. Wurinsa netwok zuwa yake yana ɗaukewa, amma Garuruwa bai damu ba. In ya sami sanda ɗaya a waya na minti biyu, ya isa ya tura motsinsa. Wasa guda muka yi shekara biyu muna bugawa, daga ni sai Mubarak, daga Mubarak sai Awudu, a dawo kaina. Awudu ba ya son kiran waya saboda harshensa, rubutu kuma bai dame shi ba. In ka ga ya yi motsi, ka san yana lafiya.

Sai masu wasan suka fito da kashi na bakwai. Sunan nan ne dai, tambarin nan ne, har kiɗan buɗewa ba su canza ba. Amma babu gari, babu rijiya, babu jira. Mutum ne riƙe da bindiga yana gudu a cikin kango, wasu suna harbinsa. In netwok ɗinka ya yi tari sau ɗaya, ka mutu. Sun ɗauki sunan da muka girma da shi sun liƙa a goshin wani abu dabam, don sun san da sabon suna suka fito ba wanda zai waiwaye su.

A zauren 'yan wasa da muke ciki a waya, mutanen Salaga da Yendi da Bawku har da na Gushegu, aka yi kwana da kwanaki ana rigima. Wani malamin makaranta ya ce cin amana ne, a daina saye. Wani ya ce kamfani ba gidan marayu ba ne, su ma abinci suke nema. Wani yaro da bai taɓa buga na uku ba ya turo murya yana dariya: "Tsofaffi, ku je ku buga dara a gindin mangwaro. Wa zai jira kwana biyu don ya shuka gero?" Aka zage shi, ya rama, aka cire shi, abokansa suka shigo su goma. Ni kuwa gefe na koma. Na zauna na rubuta wa kamfanin wasiƙa shafi huɗu, na jera abin da suka rushe tun daga kashi na ɗaya, na gyara ta sau uku. Na'ura ce ta amsa mini, wai sun gode da ƙaunata. A makon nan kuma suka sanar cewa tsohon wasan za a rufe shi ƙarshen shekara.

Har yau ina kan bakana: abin da suka yi rashin mutunci ne. Amma ga abin da ban rubuta a wasiƙar ba. Mubarak ya kira ni wata Asabar.

"Malam, ka gama wa'azin? Cale, abokina, sauke abin nan ka gani. Wallahi na kashe mutum shida jiya."

"Ba zan taɓa shi ba."

"To don ka san abin da kake zagi mana. Ba kai ne mai bincike ba?"

Na sauke don bincike. Na buga sau ɗaya, aka kashe ni a minti guda, na ji haushi na sake. Kafin mako ya zagayo, kullum bayan la'asar ni da Mubarak muna cikin kango muna gudu. Muka yi shawara kada mu gaya wa Awudu, tunda wayarsa da netwok ɗinsa ba za su ɗauka ba, kada ya ji babu daɗi. Muna ganin kara muka yi masa. Tsohon wasanmu kuwa a kaina ya tsaya. Kullum ina cewa gobe zan yi motsina, da ma ai za a rufe shi.

Mako bakwai aka yi haka. Ran nan Mubarak ya kira, babu wasa a muryarsa.

"Ka san abin nan yana nuna wa abokanka in kana ciki?"

"Wane abu?"

"Sunanka yana yin kore a wayarsu. Ko a tsohon wasan suke, suna gani. Wani yaro ne ya nuna mini a shago yanzu. Awudu yana ganinmu tun ranar farko."

Na kashe kiran, na buɗe Garuruwa. Awudu yana da wata al'ada: in ya kafa sabon gari, da labarinsa yake raɗa masa suna. Da ya sayi babur nasa na kansa, gari ya ci suna Babur. Ranar da matarsa ta haihu, a taswira muka fara ganin sunan 'yarsa, Hauwa. A motsinsa na ƙarshe ya kafa wani ɗan ƙauye dab da iyakata, inda ba yadda za a yi in buɗe wasan ban gan shi ba. Sunan ƙauyen Hauwa Asibiti.

Na kira shi. Wayar ta daɗe tana ƙara kafin ya ɗauka, ina jin ƙarar guduma a bayansa.

"Ɗan'uwa, yaya Hauwa?"

"Ta... ta... ta warke."

Zazzaɓi ne mai zafi, har da suma. Kwana tara suka yi a asibiti a Bawku, shi yana kwana a kan benci. Bai gaya wa mutanen Salaga ba don kada hankalin tsofaffi ya tashi.

"Haba Awudu, me ya sa ba ka gaya mini ba?"

Na ji yana jan numfashi, yana neman kalmar.

"Na... na gaya maka."

Ya ce yana da aiki, ya kashe.

Kaka Zinatu ta rasu ina aji biyu a sakandare, tukunyarta tana wurin Gwaggo yanzu. Shekarun nan duka, in na tuna ayarin goro, madugu nake jin haushi, kuma da wasan nan ya canza na ce ga shi nan ya dawo, ya ƙara wa ganga sauri don samari su shigo. Ban yi kuskure ba. Zai yi kuɗi, ba kurar da za ta cinye shi, kamar yadda ta faɗa. Sai bayan wayar nan na tuna ashe ba a nan maganar ta tsaya ba a daren. Muna ta zagin madugu, ita tana zare itace daga murhu, ta ce ba tare da ta dube mu ba, "Ku ƙyale madugu, kasuwa yake nema, ba shi ya haifi mai ɗingishi ba. Ni dai ban ce muku ba ta da 'yan'uwa a cikin ayarin ba." A lokacin doyata nake ɓarewa, ban ɗauke ta magana ba.

A daren da na yi waya da Awudu na yi motsina, na tilasta wa Mubarak ya yi nasa. Wasan yana hannun Awudu yanzu. Yau kwana goma sha ɗaya bai taɓa shi ba, ƙarshen shekara yana matsowa, ni kuma ba ni da bakin tambayarsa dalili.