Kofur Sule da fim ɗin da bai gani ba

Bana shekara ashirin da biyu da rasuwar yayana, Sule, wanda mutanen Yalwan Damai suka ci gaba da kira Kofur har ya koma ga Allah, duk da ya daɗe da tuɓe kaki. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami a kansa wani fim ne da jikokina suka kunna mini kwanakin baya, a kan cin hanci a cikin 'yan sanda. Ba na cikin masu kallo, amma wannan ban tashi ba sai da ya ƙare.

Yaya ya shiga aikin ɗan sanda bayan samun 'yancin kai. Bayan yaƙin basasa, lokacin da kuɗin mai ya shigo, manyan motoci suka cika hanya, aka kawo shi Birnin Kudu. Ina budurwa a lokacin, ni nake kai masa abinci wani zubin. Yana son aikin nan ƙwarai. Takalminsa ma da kansa yake gogewa, ba ya bari matarsa ta taɓa.

Wata ranar kasuwar Sara, yana bakin aiki a kan hanya, motar ɗan wani attajiri ta buge wani manomi mutumin Maruta tare da jakinsa, ta wuce. Mutumin bai kai asibiti ba. Yaya ya ga motar, ya ga mai tuƙin. Kafin a kwana biyu sai ga wani direban Gwaram mai suna Ɗanjuma a tsare, wai shi ya yi kisan. Laifinsa kawai shi ne ya tsaya ya ɗauki gawar.

Sufetonsu ya kira Yaya, ya zaunar da shi, ya yi masa magana a hankali kamar uba. "Sule, kana da iyali. Ka ce ba ka gani da kyau ba, shi ke nan." Yaya ya ce, "Ranka ya daɗe, na gani da kyau." Haka ya maimaita a gaban alƙali. Aka saki Ɗanjuma. Ɗan attajirin kuwa ko caji ofis bai taka ba.

Abin da ya biyo baya shi ne fim ɗin nan ya kamo daidai. Akwai wurin da ɗan sandan mai gaskiya ya zauna zai ci abinci da abokan aikinsa, sai suka ɗauki kwanukansu ɗaya bayan ɗaya suka koma gefe. Ba wanda ya zage shi. Jikokina suna ta hirarsu, ni kuwa hawaye nake yi, domin na ga wannan da idona a barikin Birnin Kudu. Na kai tuwo na tarar da Yaya shi kaɗai a gindin darbejiya, mutanen da ya yi shekaru yana haɗa hannu da su a kwano sun juya masa baya.

Na yaba wa masu fim ɗin kuma da ba su mai da masu karɓar hancin dodanni ba. Sajen da ke cikinsa yana salla a kan lokaci, yana goya 'yarsa, yana tsoron na sama da shi. Da Yaya ya gani, na san zai gyaɗa kai, domin bai taɓa kiran abokan aikinsa mugaye ba. Cewa yake yi tsoro ne ya fi kwaɗayi yawa a cikinsu.

Inda na san zai yi murmushi shi ne ƙarshen. A fim an kama babban mai laifin, an sa masa ankwa, jama'a na tafa hannu. Yaya kuwa canjin wurin aiki aka yi ta yi masa, daga wannan ƙauye zuwa wancan, waɗanda ya koya wa fareti suka zama iyayen gidansa. Da ya gaji ya ajiye aikin, ya dawo gonar mahaifinmu. Inna ta yi kuka, wasu dangi suka ce taurin kai ne ya cuce shi. Ɗanjuma ne kaɗai, duk kaka, yake tsayar da motarsa a bakin gona ya kwashe masa dawa zuwa gida, har tsufa ya hana shi tuƙi.

Ina tambayar kaina me zai ce da ya ga yau ana nuna irin wannan a fili, yara na kallo a waya suna sharhi. A zamaninsa ko a zaure ba a faɗa da ƙarfi. Ina jin zai ji daɗi, sannan ya tambaya ko kallon ya sa wani ya canza.

Bai bar gida a birni ba, bai bar lambar yabo ba. Ya bar 'ya'ya shida da ba sa sunkuyar da kai idan an ambaci sunan ubansu a Gwaram ko Birnin Kudu. A ciwonsa na ajali na tambaye shi ko yana da-na-sani. Ya ce, "Hajara, har yau in na ga kakin a jikin wani sai zuciyata ta motsa. Amma mutumin Marutan nan, in mun haɗu gobe, ba zan ɓoye fuskata ba."

Allah Ya haɗa su a inuwar rahamarsa.