Gashin Mahbuba da Rantsuwar Kaka

Labari ya zagaye Fagge, ya tsallaka titi ya shiga Sabon Gari, wai gashin Mahbuba ne ya ƙone taransifomar unguwa. Masu ba da labarin sun ce wata na'ura ta jona wadda aka kwance daga jikin jirgin alhazai, tana danna maɓalli fitilun Titin Ibrahim Taiwo suka riƙa mutuwa ɗaya bayan ɗaya. Wata mai ƙosai ma ta ce da idonta ta ga rufin gidan ya ɗaga ya koma.

Ƙarya suke yi, Allah ya shirye su. Taransifomar ta mutu tun kafin azumi, kuma ba ta nemi taimakon kowa ba. Abin da gashin ya kashe ɗan janaretan baffanta Malam Wali ne kawai, shi ɗin ma suma ya yi, bakanike ya farfaɗo da shi washegari. Amma tunda maganar ta fita, gara a ji ta daga bakina, ni taubashinta, ɗan goggonta, mutumin da ba ya ƙari ko na ƙwayar gero.

Kakannin Mahbuba daga wajen Dikwa suka zo da fataucin fata, suka zauna a Fagge tun unguwar ba ta san bene ba. Abu biyu suka zo da shi: turaren wuta da gashi. Turaren kowace mace a gidan ta samu rabonta. Gashin kuwa ya tsallake iyaye, ya tsallake yayye, ya taru kaf a kan Mahbuba. Baƙi ne wuluk, mai kauri, kowane sili a naɗe kamar wayar tsohuwar tarho. Ranar da aka haife ta, ungozoma ta ɗauka tagwaye ne. Matajin da ya karye a kan nan, da an tara shi da ya isa katange makaranta. Mai kitson layinsu idan ta hango ta, sai ta aiko a ce ta tafi ƙauye ta'aziyya.

Tana 'yar shekara sha biyu, ana jibi Sallah, wata maƙwabciya ta ba da shawara a sa mata rilaksa, man miƙar da gashi, kowa ya huta. Aka sa, aka tsaya hira, aka manta. Kan ya ƙone, ya yi ɓawo, gashin ya riƙa zuba a tafin hannu. Ta yi Sallar nan da bandeji a ƙarƙashin ɗankwali, ba ta yi kuka a gaban kowa ba. Da yamma ta tsaya a tsakar gida, hannu a ƙugu, ta ce daga ranar ba mai sake miƙe mata gashi, yadda Allah ya naɗe shi haka zai zauna. Aka yi dariya, aka ce yarinta. Sai da ya ɗauki shekaru kafin ya dawo, kuma da ya dawo, da fushi ya dawo.

Yanzu Mahbuba ta girma, tana aiki a wani kantin magani a Titin Ibrahim Taiwo, kuma ita ce babbar mai sayen maganin mura a kantin. Dalili kuwa gashin nan ba ya bushewa. Ta wanke shi Juma'a da safe, ranar Lahadi gindinsa na nan da danshi. Ba dama ta baje shi a rana, don benaye sun kewaye tsakar gidan ta ko'ina, kowace taga da ɗan haya a bayanta. Kaskon turaren Kaka yana sa ƙamshi, amma iyakarsa jela, sau ɗaya ma ya lashe mata ita. A shagon gyaran gashi kuwa, kafin ta zauna an fara yi mata wa'azin rilaksa. Sai ta tsane shi da tawul iya ƙarfinta, ta ɗaura ɗankwali, ta zura hijabi, ta shiga adaidaita sahu iska na dukanta.

Daminar bara abin ya kwantar da ita sosai. Zazzaɓi, tari, ciwon kai mai hana buɗe ido. Kaka Hajja, uwar mahaifinta, wadda ta raine ta tun tana rarrafe, ita ta yi jinyar. Ranar da Mahbuba ta fara tashi zaune, tsohuwar ta zura yatsu a kanta ta ji sanyi, sai ta miƙe tsaye a gaban mutanen gida.

"Wallahi tallahi," in ji Kaka, "ranar da na sake sa hannu a kan nan na ji danshi ƙarƙashin ɗankwali, da hannuna zan sa almakashi. Gara jika mai ƙwal da kai da jika a makara."

Kaka ba ta taɓa kaffarar rantsuwa ba a rayuwarta, saboda ba ta taɓa rantsewa ta fasa ba. Malam Wali ya lallaɓa ya ce shi zai ciyar da miskinai a madadinta, ta janye. Ta ce ya riƙe shinkafarsa. Ta ɗauko almakashin ɗinkinta ta rataye a ƙusar bakin ƙofa, inda duk mai shiga da fita zai gaishe shi.

Mahbuba ta dubi almakashin ta ce, "Kaka, zai yi tsatsa a nan."

"Mu gani, 'yar nema."

Mahbuba ta ɗaga wankin kai na ɗan lokaci, amma ta san dabarar ba mai nisa ba ce. Ga zafi, ga ƙaiƙayi, kuma mace akwai wankan da ba a ɗaga shi. Ta nufi shagunan Bata ta ce a ba ta handiraya, na'urar busar da gashi, wadda ta fi kowace ƙarfi. Mai shagon ya ɗauko wata ja mai kama da bindigar yaƙi, ya ce wannan ko katifa ce za ta busar. Ta kawo gida ta jiƙa gefe ɗaya na kan don gwaji. Babu wuta, sai ta jona a janaretan baffanta, wanda aikinsa duka fanka biyu ne da cajin waya. Janareta ya yi tari, ya yi atishawa, ya karanta kalmar shahada. Nan labarin taransifoma ya samo asali.

Da aka kawo wuta a gidan ƙawarta ta sake gwadawa a can. Iskar ta tarwatsa gashin ya tashi sama kamar sheƙar shamuwa, ɗankwali ya ƙi zagayewa, sai da aka haɗa da zanin gado. Sama ya bushe har yana ƙauri, ta tura yatsa ciki ta ji gindin na nan yadda yake. Da Kaka ce ta taɓa, da an gama.

Da wata ce, da ta haƙura. Mahbuba ta zauna ta yi tunani, ta gane ƙarfi ba shi ne maganin ba. Abu take so wanda janaretan baffa zai iya ɗauka, mai iska a hankali da ɗumi ba ƙuna ba, wanda kuma zai kai ɗumin har gindin gashi ba tare da ya watsa naɗin ba. A waya ta ga mata masu irin gashinta suna maƙala wani kwano mai yatsu a bakin handiraya, suna kiransa difyuza. Ta ce to, ko a ƙarƙashin ƙasa yake a Kano sai ta tono shi.

Matsalar ita ce gwaji. Layin kayan wuta na Kasuwar Sabon Gari maza ne kusan duka, ba inda za ta buɗe kai. Sai ta tuna gwangwanin Kaka. Tsohuwar ba ta yarda a yar da gashin da ya zuba wajen taza, tara shi take yi ta binne, kada ya faɗa hannun da bai dace ba. Mahbuba ta ɗebi curi guda, ta jiƙa, ta ƙulle a leda, ta shiga kasuwa.

Shagon farko ta kwance leda ta ce a kunna a hura. Mai shagon ya ja da baya.

"Hajiya, gashin wa ye wannan?"

"Nawa ne, Alhaji."

"To me ya fito da shi daga gida?"

"Abin da ya fito da kai. Kunna mu gani."

Ya kunna yana karanta addu'a a ƙasan maƙoshi. Iska ta ɗauki curin ya tashi sama, ya tsallake rumfa biyu, ya sauka a farantin mai lemo. Mahbuba ta bi shi da gudu, hijabi na kaɗawa, ta ba mai lemo haƙuri ta ɗauke abinta, don ta fi tsoron Kaka ta ji gashin ya kwana a kasuwa fiye da almakashin. Kafin azahar layin duka ya san da wata mai yawo da gashin mutum a leda. Wani ya ce ba ya sayarwa, wani ya ce kayansa na ajiya ne. Wanda ta nuna wa hoton kwanon kuwa ya ce ai wannan matatar taliya ce, ta tafi layin kwanuka.

Ƙafa ta gaji, amma ba ta juya ba. Can ƙarshen layin masu kayan gyaran gashi ta tarar da shagon wata mata, Amarachi, haifaffiyar Sabon Gari, mai Hausa kamar ta Ƙofar Mata. Tana zaune tana cin gyaɗa. Mahbuba ta buɗe baki za ta yi sallama sai idonta ya faɗa kan abin da gyaɗar ke ciki: baƙin kwano mai huji-huji da yatsu a tsaye.

"Madam, wannan kwanon fa?"

"Wannan? A kwali yake zuwa da handiraya. Duk wadda ta saya sai ta ce in cire, nauyi ne kawai. Ga su can buhu guda, na rasa yadda zan yi da su."

"Shi nake nema tun safe."

Amarachi ta dube ta sama da ƙasa. "Ke ce mai ledar? Labarinki ya riga ki zuwa. Mayar da ita jaka, ƙawata, gashin da ba ya kan mutum ba zai gaya miki komai ba. Shigo ciki."

Ta warware zani ta rataye a bakin shago, ta ce wa maƙwabcinta idan ya leƙo sai ta kira matarsa. Mahbuba ta cire hijabi ta kwance ɗankwali. Amarachi ta dafe ƙirji.

"Kai! Duk wannan mutum ɗaya? Kuma kina ɓoye shi? Ni da nake sayar da na kanti, wannan ai ya fi ƙarfin shagona."

Suka fasa ruwan leda suka jiƙa ƙeya har gindi. Janaretan Amarachi ɗan ƙarami ne irin na Malam Wali, don haka duk handirayar da ta sa shi nishi, Mahbuba ta ce a mayar kwali. Aka rage 'yan ƙanana. Cikinsu ta ware masu maɓallin rage iska da na rage zafi daban-daban. Sai aka koma kan buhu. Kwanon farko ya yi wa bakin handirayar yawa, ana kunnawa ya faɗo ya gangara ƙarƙashin benci. Na biyu ya zauna, amma marar zurfi ne, ko rabin damƙi bai ɗauka ba. Suka zazzage buhun duka a ƙasa suna gwadawa ɗaya-ɗaya suna dariya. A ƙarshe wanda ya kama bakin gam, mai faɗi da zurfi da dogayen yatsu, shi ne dai na gyaɗar. Amarachi ta juye gyaɗarta a leda ta wanke shi.

Mahbuba ta sunkuya, ta zuba gashin cikin kwanon, ta tura shi sama har yatsun suka taɓa fatar kai, ta riƙe. Ba hayaniya, ba ƙauri. Ɗumi ne kawai ke ratsawa inda rana ba ta taɓa kaiwa ba. Da ta ɗago, naɗin na nan sili-sili. Ta tura yatsa ta daɗe tana lalube. Ta ɗaura ɗankwalinta ta ce a sa mata handirayar da kwanon a leda.

Ranar Juma'a ta wanke kai tun hantsi, wanki na gaske, ta bar ƙofar banɗaki a buɗe don Kaka ta ji zubar ruwa. Malam Wali ya tsaya kan janaretansa da carbi a hannu. Aka kunna, janareta bai ko gyara murya ba. Ta shiga ɗaki ta bi kan gefe-gefe, ba gaggawa, har aka yi kiran farko na sallar Juma'a. Sannan ta ɗaura ɗankwali ta je ta durƙusa a gaban Kaka.

Tsohuwar ta ɗauko almakashin daga ƙusa ta ajiye a cinya, kowa na gani. Ta zame ɗankwalin. Ta zura hannu ta gaba, ta zura ta ƙeya, ta bi bayan kunne, ta koma tsakiya inda gashin ya fi duhu ta tona har gwiwar hannu. Ta ciro yatsun ta shafa a kumatunta. Ta sake komawa.

"Hm," in ji Kaka. "Abin ba ƙamshi. Kawo kasko."

Ta miƙa wa jikarta Zaituna almakashin ta ce a mayar cikin kayan ɗinki. Zaitunar ce ta kawo mini labarin abin da ya faru a ɗakin, don ni a zaure aka bar ni.

Da Mahbuba ta fito za ta tafi aiki, na tare ta a zauren, na ce zan rubuta wa duniya cewa gashinta ya kashe taransifoma, ya tashi sama a kasuwa, ya raba baiwar Allah da kwanon gyaɗarta, kuma har yanzu idan ta kwance shi sai an kunna fitila da rana. Ta gyara hijabinta, ta dubi tsakiyar kaina inda hula ta zame, ta ce:

"Ikrima, rubuta abin da ka ga dama. Amma ka faɗa musu rabonka da ganin gashina tun kana da naka."