Layin Batulu da Riɗin Simsim

Ni Mudi, rumfata tana cikin masu gyaran waya a kasuwar Gadarif, kuma duk wanda ya ce ya fi ni sanin Batulu, a ce masa ya zo ya same ni. A kan bencina ta fara sana'arta, a shekarun da takunkumin Amurka ya sa ko manhajar lissafi ba ka iya saukewa sai ta ɓarauniyar hanya. Ta gama jami'a, ta yi yawon neman aiki har takalminta ya cinye, ko'ina sai a ce ta kawo lambar ɗan ƙasa. Kakanta da ƙafa ya taso daga Haɗeja za shi Makka, ya tsaya noma a Mafaza, bai wuce ba. A nan aka haifi ubanta, a nan aka haife ta, amma in ta je ofis sai a ce ta kawo shaidu a kan kakan kakanta. Ta gaji ta bari.

Yarinyar akwai kai. Ta lura cewa riɗi ba ya jiran kowa: in ya nuna ba a yanke shi a 'yan kwanakin nan ba, sai kwansonsa ya fashe, ƙwayar ta zube ƙasa, shi ke nan noman shekara ya tafi. Masu manyan gonaki a Simsim suna haukan neman masu yanka, masu yanka kuma suna zaune a ƙauyuka ba su san inda ake nemansu ba. Sai Batulu ta shiga tsakani da wayarta.

Yadda wasu mata ke son gwal, haka take son manhajoji. Kullum sai ta faɗo rumfata, “Kawu Mudi, sa mini wannan, cire mini wancan.” Na sa mata VPN don ta tsallake takunkumi. A Excel take jera shugabannin masu yanka, kowa da ƙauyensa da yawan mutanensa. A taswirar Google take kafa wa kowace gona alama, don kada direban lori ya ɓace a daji. Kalandar waya kuma ita ke tuna mata ranar da aka yi shuka a gonar wane, ta san lokacin da za ta nuna. Amma uwarsu duka WhatsApp ce, inda ta tara shugabannin a zaure guda. Abin da ke ba ni dariya shi ne, duk wannan zamananci, saƙon zaure a wurinta sanarwa ce kawai. Mutane su ɗaga babban yatsa, alamar sun gani. Daga nan sai ta bi su ɗaya bayan ɗaya da kira, a yi ciniki, a shafa fatiha ta waya. Mutanenmu haka suke: aikin da ba a shafa masa fatiha ba, hira ce aka yi.

To ga inda ta yi kuskure, irin wanda rabin unguwarmu suka yi. Da aka ce za a rufe duk layin da ba a yi masa rajista da lambar ɗan ƙasa ba, sai ta ba Faisal, mijin yayarta Atine, ya yi mata da sunansa. Faisal mai sayar da kayan gyaran tarakta ne, ɗan birni, ga gemu, ga kujera a kwamitin unguwa, takardunsa tsaf. Abokin wasanta ne, ita da shi kullum tsokana. Wa zai kawo komai a ransa?

Sana'a ta kankama, lambar Batulu ta shiga bakin kowa daga Simsim har Gallabat. Sai wata rana da damina wayarta ta ɗauke ɗif. Ashe mutumin nan ofishin kamfanin waya ya je, ya ce layinsa ya ɓace, aka ba shi sabo. Kafin la'asar WhatsApp ya koma wayarsa, imel ya koma, jerin sunaye da taswira duk sun bi, don komai a jikin layin nan yake rataye. Da ta je gidansa, yana kishingiɗe yana shan shayi ya ce, “Batulu, bai dace 'ya mace ta riƙa hira da garada a waya ba. Na rufa miki asiri ne. Kuma layin da sunana yake.” Atine tana wurin, tana zuba masa shayin. Dattawa suka zauna, suka ce magana tana ga takarda.

Wallahi da labarin ya iso mini sai da na miƙe tsaye. Rufin asiri! Ɓarawo da carbi! Na ce wa Batulu, “Ki bar ni da shi, in ya kawo wayarsa gyara sai na mayar da ita dutse.” Ta ce, “A'a, Kawu. Wayarsa nawa take? Ni so nake ya ji abin da na ji, a gaban mutane.” Idonta a bushe, ko ƙwalla babu. Tsoronta ma ya kama ni.

Ta hau lori ta tafi Mafaza wurin Baba Cindo, babba a cikin shugabannin masu yanka. Shi ya ba ni labarin da bakinsa. Ya ce mata su a shirye suke su fice daga zauren gaba ɗaya. Ta ce, “Kada wanda ya fita, Baba. In ya yi sanarwa ku ɗaga masa yatsa yadda kuka saba. In ya kira ku kuka shafa fatiha, ku je ku yi masa aiki, ba zan sa ku saɓa alkawari ba. In bai kira ba, ku saurare ni.”

Faisal ya kira lebura? Haba! Sabuwar kwamfuta ya saya, aka sa masa wata manhajar tsara aiki daga Khartoum, mai katuna kala-kala. Har rumfata ya zo yana nuna mini: duk wanda ya ɗaga yatsa sai ya ja katinsa ya koma kore. “Ka gani, ya zol, mutumina? Yarinyar nan ɓata lokaci take da kiraye-kiraye. Ni da yatsa ɗaya na gama.” Na ce, “Tamam, daidai ne, Alhaji, Allah ya ƙara basira.” Na cije leɓena har ya yi jini. Ya bi manyan Simsim yana dukan ƙirji, ya ɗauki aikin gonaki fiye da wanda Batulu ta taɓa ɗauka.

Riɗi ya nuna. Motocin Faisal suka isa Mafaza suka tarar da tsofaffi da awaki. Masu yanka sun riga sun wuce ƙananan gonakin hanyar Gallabat, inda Batulu ta ƙulla musu aiki da wata 'yar ƙaramar waya ta aro. Ya kira Baba Cindo yana kumfar baki, “Kun yi mini alkawari!” Tsoho ya ce, “Yaushe, ɗana? Mun shafa fatiha da kai?” Ya yi ta zagaye ƙauyuka kamar kazar da aka yanka, bai samu ko mutum goma na kirki ba. Riɗin Simsim ya fashe a tsaye, tsuntsaye da tururuwa suka yi biki. Masu gonaki suka yi masa dirar mikiya a shago, kwamitin ya karɓe kujerarsa, ya daina fitowa ko sallar jam'i. Ba zan ɓoye muku ba, na ji daɗi, na ci tuwo na ƙara.

Bayan kaka sai ga Atine a rumfata, Batulu na zaune. Atine ta kwance bakin mayafinta ta ajiye layin a kan benci. “Ya ce ki karɓi kayanki.” Na sa shi a waya, ko minti bai yi ba ta hau ƙara. Wani dattijo ne, manomin da ya fara yarda da Batulu tun ba ta da kowa. Bai san an sace layin ba, shi dai lambar da ya sani ya ba aikinsa. Ya yi ta Allah ya isa, yana cewa riɗinsa yana ƙasa. Batulu ta saurare shi har ya gama.

Na ce, “Malesh, yi haƙuri, 'yata, mu aika wa kowa saƙo mu yi bayani.”

Ta ce, “Babu manomin da zai sake yarda da wannan lamba, Kawu. Tun ranar da na hau lorin Mafaza na sani. Ba ni almakashinka.”

Ta datsa layin gida biyu. Atine ta fashe da kuka. “Kin rusa mini gida, Batulu. Yanzu hankalinki ya kwanta?”

“Bai kwanta ba, Yaya,” in ji ta. “Amma ranar da ya rusa ni, ke kike zuba masa shayi.”

Har yau tana sana'arta da ƙananan manoma, kuma har yau ita da Atine ba su gaisa ba.