Ranar da Alƙali Ya Tambaye Ni Sunan Ɗana

Yaron yana cika shekara bakwai ubansa ya aiko a ba shi ɗansa. Mun rabu tun ina goyo. Shi ya koma wajen Dinder ya sake aure, ni kuma na dawo ƙauyenmu na Jazira, ina cirar auduga a gonar wani Balarabe tare da innata. Muka ƙi bayarwa, sai ga takardar kotu daga Madani.

Kawuna ya samo mana lauya, muhami suke cewa a can. Dogo ne mai farar riga ƙal, fankan fayau. Sau uku muka je ofishinsa. Zuwan farko yana da baƙi, na biyu ya fita, na uku ya tambaye ni ko ni ce mai rigimar gonar nan. Kawu ya ce a'a, mai ɗa ce.

"Ma fi mushkila," in ji shi da Larabci, wato babu matsala. "Alƙali na iya bar wa uwa yaro in ya ga zamansa wurinta ya fi. Ki faɗi gaskiya kawai."

Bai tambaye ni komai ba bayan wannan. Da ya tambaya, da ya ji cewa ɗan fari ne, kuma mu Hausawa muna kunyar ɗan fari. Uwa ba ta kiran sunansa, ba ta wasa da shi a gaban mutane, ba ta cewa nata ne. Ni Yaya yake kirana, kamar yayarsa, innata yake kira Inna. Ni nake yi masa wanka a bayan ɗaki, ni na yi jinyarsa da ya yi ƙyanda, amma a tsakar gida ko kallo bai ishe ni ba.

Ranar shari'a Inna ba ta je ba, ƙafa ta hana ta. Alƙalin dattijo ne, ban ga mugunta a fuskarsa ba. Aka tsayar da yaron kusa da ni, na kawar da kai, don ga kawu, ga tsohon surukina a zaune.

"Yaya sunan yaron?" in ji alƙali.

Na dubi lauya, yana goge tabarau da gefen rawaninsa. Kawu ya miƙe zai yi bayani, alƙali ya ce ya zauna, ai akwai wanda aka ɗauka don magana.

"To, ɗanki ne ko ba ɗanki ba?"

Na ba shi amsar da nake bai wa kowa tun ranar suna. Na ce, "Na innata ne."

Uban yaron Bahaushe ne, ya san sarai abin da nake nufi. Shi ma ai bai taɓa kiran sunan ba. Ya sunkuyar da kai, lauyansa ya ce alƙali ya ji da kunnensa. Nawa lauyan ya tashi ya yi 'yar magana a kan darajar uwa, har ya faɗi sunan wani ƙauye da ba namu ba. Alƙali ya rubuta abin da zai rubuta.

A bakin ƙofa lauyan ya ce mini, "Ya Hajja, ai da kin yi ɗan kuka." Ya wuce wajen mai rigimar gona.

Ban yi baƙin ciki ba ranar, ban ji komai ba. Abin da na tuna shi ne yunwa, da igiyar takalmina da ta tsinke, na riƙe shi a hannu.

A tashar lori uban ya bari mu yi sallama. Yaron ya fi ni jin Larabci, ya ji duk abin da aka faɗa. Bai yi kuka ba. Ya tsaya ɗan nesa, yadda na koya masa tsayawa in akwai mutane.

"Yaya," ya ce, "in kin je gida ki ce ma Inna sun tahi da ɗanta."

Na ce to. Da na isa gida na faɗa mata.