Tagar Baya ta Dama

Baldomero Hoyos ya hura numfashi a kan gilashin, ya goge da tsohuwar jarida, ya ja da baya ya karkata kai ya duba, sannan ya sake hurawa. Sauran tagogin tasin shafa ɗaya yake musu da tsumma ya wuce. Wannan kuwa, ta baya ta hannun dama, ita ce 'yar lele. Kowace safiya, kafin rana ta fara gasa kwanon rufin unguwar, sai ya tsaya a kanta kamar mai wanke wa jariri fuska.

"Tsoho, wata rana sai ka huda gilashin nan," in ji matarsa Temilda daga bakin ƙofa, tana riƙe da gahawarsa.

"Ta nan baƙo yake ganin gari, tsohuwa."

"Ni da nake ganin garin ta tagar kicin, wa ya taɓa goge mini ita?"

Ya ci gaba da gogewarsa. Yau ba ranar cacar baki ba ce.

Tun gashin kansa na baƙi Baldomero yake ɗaukar fasinja a tashar motar Montería, kuma a can ya koyi abu guda da ya riƙe kamar addini: baƙo ba ya jira ya san gari kafin ya yanke masa hukunci. Zai sauko daga bas da ciwon baya da ƙishirwa, abin da idonsa ya fara faɗawa a kai shi zai naɗe ya kai gida, shi zai riƙa ba jikokinsa labari. Wanda ya fara cin karo da kwata, garin kwata ne a bakinsa har abada. Saboda haka Baldomero ba ya bi da baƙo ta gajeriyar hanya, wadda ta ratsa kasuwa da ƙarnin kifinta da hayaniyar 'yan babur. Zagaye yake yi, ya gangara titin bakin kogi, inda manyan itatuwa suka haɗa kai suka yi rumfa, korayen damo na shan hantsi a kan rassa, birai na tsalle, jiragen fito na ratsa ruwan Sinú a hankali kamar ba sa son su tashe shi daga barci. Duk wannan a hannun dama yake faɗowa. Bai taɓa ƙara wa kowa kuɗi don zagayen ba. Direbobin tasha suna kiransa Magajin Gari Marar Ofis, in ya taho su sara masa.

Shi kansa ta kogin ya shigo garin, yana yaro, a kan kwale-kwalen mahaifinsa da ke shaƙe da ayaba. Yakan ce wa fasinjoji tun ran nan kogin ya sace masa zuciya. Ba ƙarya yake ba, sai dai labarin ya goge saboda yawan faɗa, kamar tsohon kwabo.

Wuri ɗaya ne bai taɓa kai baƙo don ransa ba: unguwarsu, a ƙetaren gada. Layinsu ba kwalta. Da damina taɓo ne, da rani kwazazzabai. Maƙwabcinsu yana da lasifika mai girman akwatin gawa, wuta kuma sai ta ga dama take zama.

Baƙon yau ba fasinja ba ne. Yarledis, 'yarsu tilo, ta tafi Bogotá karatun jinya ta zauna, ta auri wani ɗan can mai suna Aldemar, likitan dabbobi. A can aka yi biki, a can aka haifi Maité, jikar da Baldomero ya fi sani a fuskar waya fiye da a kafaɗarsa. Yanzu wani kamfanin kiwon shanu na nan ya yi wa Aldemar tayin aiki.

"Baba, ba zan matsa masa ba," Yarledis ta faɗa a waya. "Zai zo ya gani da idonsa, ya kwana ɗaya. In ya ce a'a, shi ke nan, mun zauna a nan."

Baldomero ya tsara komai. Titin kogi da safe. Gidan abinci mai farin mayafin tebur da rana. Otal mai na'urar sanyi da dare, sannan tasha.

"Gidana fa?" in ji Temilda.

"Wani zuwan."

"Kunyarmu kake ji, Baldo?"

"Ba kunya ba ce, dabara ce. Kachako ne, tsohuwa, ɗan Bogotá. Mutanen tudun nan, in suka ga taɓo sau ɗaya..."

Ta karɓi kofin daga hannunsa bai gama sha ba, ta shige ciki.

Da safe Aldemar ya sauko daga bas ɗin dare sanye da rigar sanyi, dogo, siriri, da tabarau. Zafin gari ya mare shi tun a matakala, har ya ɗan tsaya kamar ya manta wani abu a ciki. Suka rungumi juna irin ta mutanen da ba su saba ba. Ya nufi ƙofar gaba, Baldomero ya riga shi buɗe ta baya.

"Nan, nan, ɗana. Nan ya fi daɗi."

Aldemar mutum ne mai ladabi. Ya shiga baya.

Baldomero ya rufe tagogi ruf, ya kunna sanyi har ƙarshe, ya fara karatun da ya haddace. Ga itacen da ya girmi kakan kowa. Ga damo can, ka gan shi? Ga jirgin fito, ba inji, igiya ce da ƙarfin ruwa. Kogin ma ya taimaka masa ran nan, ya shimfiɗe ja jawur a ƙarƙashin hantsi, farar balbela na bin gaɓarsa.

"Da kyau, Don Baldomero," in ji Aldemar.

Can gaba ya sake cewa, "Da kyau sosai."

Baldomero ya leƙa madubi. Ya san irin wannan fuskar. Fuskar mai kallon kalanda ce a ɗakin jiran likita.

Ya kai shi ofishin kamfanin, ya jira shi a inuwar mangwaro. Ya kai shi gidan abincin, suka ci kifi da cokali mai yatsu, kowa na tsoron ƙaya da abokin cinsa. Da la'asar suka sake zagaya kogin, don Baldomero ya ƙare abin nunawa.

"Don Baldomero, a ina Yarledis ta yi wasa tana ƙarama?"

"Ai ko'ina. Yara, ka sani."

Sai waya ta yi ƙara. Baldomero kunnensa ya fara nauyi, don haka muryar wayarsa har waje ake ji. Temilda ce.

"Tsoho, ka kawo mini surukina ko in hau babur in zo in ƙwace shi? Faten doya da cuku na kan wuta tun azahar. Yaron nan kaya ne da za ka yi ta yawo da shi a mota?"

A madubi, karon farko tun safe, Aldemar ya yi murmushi har haƙoransa suka fito.

Haka suka haye gada. Kwalta ta ƙare, tasi ta fara rawa a ramuka, Baldomero na jin kowane rami a haƙarƙarinsa. Rana ta sunkuya, lokacin da kowane gida a layin ke fito da kujerun lilo bakin ƙofa. Tun daga kan kwana har gindin mangwaron ƙarshe, tsofaffi da matan aure da 'yan mata sun jeru suna lilo a hankali, gaba, baya, kamar layin ne yake numfashi. Lasifikar maƙwabci na girgiza bango.

"Baldo! Wannan ne kachakon?" Doña Orfelina ce, tsohuwar da gidanta ke kallon nasu, wadda ta ga haihuwar rabin layin. "Jama'a, ku tuɓe masa rigar nan kafin ya narke mana a ƙofar gida!"

"Barka da yamma, Uwa," in ji Aldemar, ya ɗan rusuna.

"Ji ladabi! Baldo, kai ma ka koya."

Temilda ta rungume shi, ta ture shi baya ta dube shi, ta ce Yarledis ba ta ba shi abinci. Kafin ya buɗe baki an kawo kujera, an zaunar da shi, an ɗora masa kwano a hannu. Ya zauna a miƙe, ƙafafunsa biyu kafe a ƙasa, yana riƙe kujerar kada ta motsa.

"Saki jikinka, ɗana," in ji Orfelina. "Ba alfadari ba ce, ba ta harbi."

Ya ɗaga ƙafa. Kujerar ta tafi da shi baya, faten ya kusa zubewa, layin ya kwashe da dariya. Wuyansa ya yi ja. Baldomero ya so ƙasa ta buɗe.

Sai wuta ta ɗauke. Lasifika ta mutu a tsakiyar waƙa, fanka ta tsaya, wani ya yi wa masu wutar addu'ar da ba a maimaitawa. Baldomero ya zauna a dokin ƙofa ya dafe kai. Ramuka, surutu, sauro, yanzu kuma duhu na tahowa. Ya ga Maité tana girma a fuskar waya, tana shiga makaranta a fuskar waya, tana aure a can.

Amma babu wanda ya tashi daga kujerarsa. Da lasifika ta yi shiru sai aka fara jin ƙarar katakon kujeru, da kwaɗin bakin kogi, da hirar da ke tsallaka layi daga wannan ƙofa zuwa waccan. Wata 'yar yarinya mai tatata, ba takalmi, ta sauka daga cinyar Orfelina, ta biya wajen wata mata aka share mata hanci, ta biya wajen Temilda aka sa mata doya a baki, sannan ta tsaya gaban Aldemar ta ɗaga hannu biyu. Ya ajiye kwano ya ɗauke ta. Ta cafke tabaraunsa, ta kwantar da kai a ƙirjinsa.

"'Yar wa ce?" ya tambaya.

"Ta Wilfrido mai gyaran babur. Uwar na shago, sai an rufe."

"To wa yake duba ta?"

Orfelina ta dube shi kamar ya tambayi wanda ke tura kogi.

"A yanzu dai kai."

Aldemar ya gyara wa yarinyar kwanciya a ƙirjinsa. Can sai Baldomero ya lura kujerar tana lilo, sannu, daidai da na sauran, kuma ba wanda ya koya masa.

"Mu a hawa na sama muke," in ji Aldemar, muryarsa ƙasa-ƙasa don kada ya ta da yarinyar. "Maité a kulle take wuni da matar da muke biya. Mutumin da ƙofarsa ke kallon tamu, tun kafin a haife ta yake nan. Ban san sunansa ba."

"Subhana," in ji Temilda. "In kuka mutu fa, wa zai sani?"

"Mai gidan haya, ƙarshen wata."

Aka yi dariya, wannan karon tare da shi.

Baldomero na zaune a dokin ƙofa wani abu ya taso masa daga nesa. Ranar da ya shigo garin a kwale-kwalen ayaba, ai bai kalli kogi ba. Ya gaji da kogi, kwana da kwanaki yana kansa. Abin da ya gani shi ne wata mata mai sayar da soyayyen kifi a mafitar kogi, wadda ba ta san shi ba, ta ja shi inuwa ta ba shi ruwa, ta ce wa mahaifinsa ya je ya sauke kayansa, yaro na wajenta. Ko sunanta bai sani ba. Yaushe ya cire ta daga labarin ya sa itatuwa?

Otal bai ga Aldemar ba. Ya kwana a tsohon ɗakin Yarledis, ya fito da safe da cizon sauro a goshi da kunne, idanu a kumbure. Baldomero na tsaye a falo da jaridarsa a hannu, bai ko fita wajen mota ba.

"Zafin nan ba wasa ba ne, Don Baldomero," in ji shi. "Ban runtsa ba sai da asuba. Layin nan kuma da damina ban san yadda ake yi ba."

"Ana cire takalmi," in ji Temilda.

"Ban yanke komai ba tukuna. Sai na zauna da Yarledis."

Baldomero ya gyaɗa kai. Ya riga ya shirya wa wannan.

Aldemar ya kurɓi gahawa, ya juya kofin a hannunsa.

"Mama, kujerun nan, a ina ake yin su?"

"Bayan kasuwa, layin kafintoci."

"Suna yin ƙanana? Irin ta Maité, mai kamar tsayin nan?" Ya sa tafin hannu daidai gwiwarsa, ya ɗan ɗaga sama.

Temilda ta juya ta fuskanci murhu, ta shiga motsa tukunyar da ba komai a ciki.

"To mu bi ta can in za mu tasha, Baba. Ta cikin kasuwar. A buɗe tagogi, kuma a gaba zan zauna."

"Akwai ƙarnin kifi fa."

"Shanu nake yi wa aiki."

Baldomero ya laluba aljihun wando, ya laluba na riga, makullin motar kuwa na rataye a ƙusar da ya saba. Ya ajiye jaridar a kan tebur.

"Tsoho, ka manta jaridarka."

"Riƙe ta, ki goge tagar kicin ɗinki."

Ta ɗaga ludayi. Ya zare makullin daga ƙusa, ya sunkuyar da kai a ƙarƙashin labule, ya fice.